Na saka fanka, na toshe tsagogi, amma radon ya ƙi sauka. Ko ruwan rijiyar ne?

MaiAwonIska:
Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a. Akwai wani aiki a hannuna da ya hana ni sakat sati uku ke nan, na ce bari in kawo shi gabanku ko Allah zai sa wani ya taɓa cin karo da irinsa. Gida ne hawa ɗaya, daɓen siminti a kan ƙasa, babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Awon farko na wata uku na radon, gas ɗin nan mai radiyeshan da ke fitowa daga ƙasa, ya ba mu bekarel 620 (ma'aunin yawansa ke nan) a kowace kubik mita ta iska a ɗakin kwana. Na huda daɓen na kwashe ƙasa kamar bokiti uku a ƙarƙashin ramin, na saka bututu inci huɗu da fanka na fitar da shi sama da rufi, na bi duk tsagar da ido ya gani na toshe har da bakin bututan banɗaki. Ya sauko zuwa wajen 210 sai ya tsaya cak. Na ƙara rami na biyu, ko gezau. Abin da ya fi ɗaure min kai na'urar da ke rubuta awo duk awa tana nuna yana hawa da sassafe da kuma farkon dare, tsakar rana ya faɗo. Rijiyar burtsatse suke amfani da ita kuma cikin dutse aka haƙa ta. Mai gidan mutumin kirki ne amma na ga ya fara shakkar aikina, kuma ba na son in ce masa ruwa ne alhali ban tabbatar ba, kar ya ga kamar ina neman hanyar ƙarin aiki. Me zan duba kafin in buɗe baki?

Falamba_77:
Wa alaikumus salam Oga. Tambaya biyu. Banɗakin yana manne da ɗakin da ka ajiye na'urar? Sannan ruwan yana hawa tankin sama ya zauna tukuna, ko daga famfo kai tsaye yake shiga gida ta rufaffen tanki mai matsi? In na biyun ne to ruwan bai taɓa ganin iska ba sai a kan shawa, duk abin da ya ɗauko daga dutsen a cikin gida zai sauke shi.

MaiAwonIska:
Banɗaki a cikin ɗakin yake. Kuma rufaffen tanki ne mai matsi, babu na sama.

Injiniya_Daɓe:
Malam MaiAwonIska kar ka yi saurin ɗora wa ruwa laifi. Hawan sassafe ba hujja ba ne, ko gidan da babu rijiya haka radon yake yi, da dare ƙofofi a rufe, cikin gida ya fi waje ɗumi, iskar ɗumi ta yi sama ta bar ƙasa da ƙarancin matsi sai gidan ya riƙa zuƙo iskar ƙasa ta kowace kafa. Wajen asuba yakan kai ƙololuwa. Abin da nake so in ji shi ne ka auna ko zuƙar fankarka ta kai kowane lungu na daɓen? Ka huda ƙananan ramuka a kusurwoyi mafi nisa ka sa na'urar auna matsi, in babu ka yi amfani da hayaƙi ka ga ko yana shiga ramin ko fitowa yake. Gidaje da yawa fandishon bangayen ciki ya raba ƙarƙashin daɓen gida-gida, kana zuƙa a falo amma ɗakin kwana bai san kana yi ba. Ga kuma batun abin da aka cika ƙasan da shi, in tsakuwa ce rami ɗaya ya isa gida guda, in laka ce da aka daddanne ko mita biyu zuƙar ba za ta kai ba. Rami na biyun da ka ƙara, a wane ɗaki yake?

MaiAwonIska:
Injiniya na yi wannan, ramuka shida na huda. Biyar hayaƙi na shiga sosai, na shidan a sito yana shiga amma da rauni. Rami na biyu a ɗakin kwanan kansa na yi shi. Shi ya sa hankalina ya koma kan ruwa, don hawan farkon daren ma daidai yake da lokacin da ake wa yara wanka ana wanke-wanke.

BuɗeTaga:
Ni dai ku yi haƙuri, ba ɗan sana'arku ba ne, amma gaskiya ina ganin ana zuzuta abin nan. Iskar da ba a gani, ba ta wari, ba ta ɗanɗano, mutane sun zauna a gidajensu shekara da shekaru lafiya ƙalau. In ma akwai ta a buɗe taga mana ta fita. Sai an huda wa mutum daɓe an sa masa fankar da za ta riƙa cin wuta dare da rana?

Dakta_Ƙirji:
Ɗan'uwa BuɗeTaga tambayarka a kan hanya take, marasa lafiya ma suna yi min ita. Matsalar ita ce radon ba ya sa tari ko ciwon kai ko wata alama da za ka ce ga ta. Yana fitowa ne daga yuraniyam da radiyam da ke cikin ƙasa da duwatsu, in ka shaƙe shi yawancinsa fita yake yi, amma 'ya'yan da yake rikiɗewa ya zama, musamman foloniyam 218 da 214, su ne ke maƙalewa a hanyoyin numfashi suna harbin ƙwayoyin jiki daga kusa. Sai bayan shekaru abin ya fito a matsayin kansar huhu, a lokacin kuma babu mai danganta shi da ɗakin kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na kansar huhu daga radon ne, gwargwadon ƙasa da yawan masu shan taba a cikinta, shi ne na biyu bayan taba. Haɗarin yana ƙaruwa da kusan kashi 16 cikin ɗari a duk ƙarin bekarel 100 in an daɗe ana shaƙa. Kuma ba sabon zance ba ne, tun 1879 likitoci suka gano cewa ciwon da ke kashe masu haƙar ma'adinai a Shinebag ta Jamus kansar huhu ce, daga baya aka gane radon ne sila. Batun taga kuwa, eh tana rage shi, amma ka rufe ta 'yan awanni kaɗan ya dawo inda yake, kuma wa zai kwana da taga a buɗe duk shekara?

BuɗeTaga:
Na gode Dakta. To amma wanda ba ya shan taba fa, shi ma haɗarin ɗaya ne?

Dakta_Ƙirji:
Ba ɗaya ba ne ko kusa. Babban binciken da aka haɗa daga ƙasashen Turai aka wallafa a 2005 ya nuna wanda bai taɓa shan taba ba, yiwuwar ya kamu da kansar huhu kafin shekara 75 kusan 4 cikin 1000 ne in babu radon, 5 a bekarel 100, 7 a bekarel 400. Mai shan taba kuwa 10 cikin 100 ne, sai 12, sai 16. Shi ya sa nake roƙon masu awo, in kun shiga gida kun ga toka a faranti ku faɗa wa mai gidan gaskiya cewa barin tabar ya fi kowace fanka amfani a gare shi, ba tare da an fasa gyaran ba don akwai mata da yara a gidan.

Ƙanin_Oga:
Yaya MaiAwonIska ni koyo nake yi amma na karanta cewa bekarel 10,000 a ruwa ne ke ƙara bekarel 1 a iska. To in haka ne ai ruwa ba zai taɓa kawo 210 ba, sai ruwan ya kai miliyan biyu a lita, ba a taɓa ganin haka ba

Ɗalibar_Fiziks:
Ƙanin_Oga lissafin 10,000 da 1 ɗin daidai ne amma ka haɗa ma'auni biyu. Ruwa da lita ake faɗarsa, iska da kubik mita, kuma lita 1000 ce a kubik mita ɗaya. Ke nan ruwan da ke da bekarel 1000 a lita yana da miliyan ɗaya a kubik mita, ka raba da 10,000 ka samu 100 a iska. Rijiyar da aka haƙa cikin dutsen giranit tana iya kai 1000 har ta wuce, an sha gani a Finlan da Suwidin da arewa maso gabashin Amurka. Su 'yan Amurka ba sa samun wannan ruɗanin saboda ruwa da iska duk da ma'auninsu na pikokuri a lita suke faɗa.

Ƙanin_Oga:
Kai, na gane yanzu. Allah ya saka da alheri Anti

TsohonMa'auni:
Kada ka ji kunya yaro, na san wanda ya shekara goma a aikin nan ya rubuta wannan kuskuren a rahoton kwastoma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

MaiAwonIska, gani ya kori ji. Kafin ka kashe wa mutumin ko sisi, ka yi gwajin da ba ya cin komai. Ka je da tsakar rana lokacin da awon ya faɗi, ka rufe tagogi, ka buɗe shawa da ruwan zafi minti ashirin ƙofar banɗaki a buɗe, ka bar na'urar a inda take ka dawo bayan awa biyu ko uku. In ruwa ne za ka ga hawan da ba ka taɓa gani da rana ba. Wanda ya fi wannan ma, in za su yi tafiya ta kwana biyu-uku ka bar na'urar a gidan a rufe babu mai taɓa famfo. In hawan farkon dare ya ɓace kuma matsakaicin ya faɗi, ka samu amsa. Amma duk wannan alama ce kawai, lambar da za ka rubuta a takarda sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji.

Hajiyar_Lab:
Baba TsohonMa'auni ya kawo ni inda nake so in yi magana, don wallahi rabin samfurin ruwan da ake kawo mana an riga an lalata shi tun a bakin famfo. Mutum ya buɗe famfo da ƙarfi ya tara kwalba ruwa na kumfa, ya bar sarari a wuyanta, ya jefa a mota kwana uku sannan ya kawo, in sakamako ya fito ƙasa ya ce ruwa lafiya. Radon gas ne, jira yake ya samu iska ya gudu. Ga yadda nake koya wa masu ɗebo mana. A cire 'yar ragar da ke bakin famfo mai sa ruwa kumfa. A ɗiba daga wurin da bai bi ta kowace filta ba. A bar ruwan sanyi ya zuba har tankin ya juye famfon rijiya ya tashi, don sabon ruwa muke so ba wanda ya kwana ba. A rage gudunsa, a sa tiyo a ƙasan roba mai zurfi ta cika tana ambaliya a hankali, a nutsa kwalbar gilashi a ciki a rufe ta tana ƙarƙashin ruwan. A kifa ta a duba, in an ga ko ɗigon iska ɗaya a zubar a sake. Kwalbar roba mai laushi ba ta yi, yana ratsa ta. Sannan abin da aka fi mantawa, a rubuta rana da awa da minti. Duk kwana 3.8 rabin radon ɗin da ke kwalbar ya tafi ko da murfin bai yi yoyo ba, in ba mu san lokacin ɗiba ba babu yadda za mu mayar da lissafi baya. Kuma don Allah kwalba biyu, in sun saɓa da juna sosai mun san hannu ne ya samu matsala.

MaiAwonIska:
Hajiya na kwafe wannan kaf. Baba gobe in sha Allah zan yi gwajin shawa.

Dillalin_Gaskiya:
Tunda ana maganar awo bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a ɓangaren sayar da gidaje. Mai saye yana son sakamako cikin kwana biyu, mai sayarwa shi ke zaune a gidan, kai mai awo ka ajiye gwangwanin gawayi mai zuƙe radon ka tafi. Ka'ida ita ce a rufe tagogi da ƙofofi awa 12 kafin a fara har a gama, amma wa ke gadi? Na taɓa komawa ɗaukar na'ura na tarar an matsar da ita kan taga, matar gidan ta ce shara ta yi. Ban ce ƙarya take ba amma awon ya tashi a banza. Yanzu ba na yarda sai da na'ura mai rubuta awa-awa da zafi da danshi da motsi, in an buɗe taga za ka ga layin ya faɗo lokaci ɗaya. Kuma ina sa kowa ya sa hannu a takarda kafin in ajiye.

TsohonMa'auni:
Ko babu mai taɓawa, awon kwana biyu awon kwana biyu ne. Gida ɗaya zai ba ka 90 wannan satin ya ba ka 250 sati mai zuwa saboda an yi ruwan sama ƙasa ta jiƙe ta toshe, gas ɗin ya rasa hanyar fita sai ta ƙarƙashin gida inda yake a bushe. Iska mai ƙarfi ma tana juya shi, haka saukar matsin sararin sama. Gawayi kuma danshi yake sha ya cika kafin radon ya samu wuri. Ni in ba dole ba, 'yar robar awon nan da harbin radon ke barin tabo a jikinta nake bari wata uku ko fiye, ita ba ruwanta da wuta ko batir. Wahalar ita ce shawo kan mutum ya jira wata uku, da kuma samunta a inda ka bar ta.

Injiniya_Daɓe:
Baba ka tuna min wani abu. MaiAwonIska, na'urarka nesa da bango take? Akwai toron, ɗan'uwan radon ne da ke fitowa daga toriyam, rabinsa yana ƙarewa cikin daƙiƙa 56 don haka ba ya nisa da bangon da ya fito. In ka jingina na'ura da bangon dutse ko na ƙasa wasu na'urorin suna ƙirga shi a matsayin radon, ka yi ta zuƙar daɓe lamba ba ta sauka. Kuma yaushe rabon da a saita ta? Shekara-shekara ya kamata.

MaiAwonIska:
Kan tebur take tsakiyar ɗaki, sama da rabin mita daga ƙasa, nesa da taga. An saita ta wata bakwai da suka wuce, kuma na ajiye ta gefe da gefe da ta abokina kwana biyu sun yi kusan daidai.

Maman_Biyu:
Salam, ku gafarce ni na shigo cikin maganar masana. Mu ma rijiya muke sha kuma karatun nan ya tayar min da hankali, yarana ƙanana ne. Shan ruwan ne haɗarin ko me? In na tafasa ya wadatar?

Dakta_Ƙirji:
Maman_Biyu kwantar da hankalinki. Ba kowace rijiya ba ce, buɗaɗɗiyar rijiya da ruwan kogi ko dam yawanci kaɗan ne a cikinsu don yana fita iska, an fi samunsa a mai zurfi da ta shiga dutse. Sannan shan ba shi ne babban abin ba. Rahoton da majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar a 1999 ya ƙiyasta cewa cikin mace-macen da radon na ruwa ke jawowa, kusan kashi 89 cikin ɗari na huhu ne ta hanyar shaƙar wanda ya fita daga ruwan, kashi 11 ne na ciki ta hanyar sha. Tafasawa tana fitar da shi daga ruwan amma cikin iskar kicin yake komawa, kuma ba ta taɓa na wanka da wanki ba wanda shi ne mai yawan. Ki fara da awon iskar ɗakin da kuke kwana, in ya fito sama sai a duba ruwa.

Maman_Biyu:
Na gode Dakta Allah ya ƙara basira. To lamba nawa ce za a ce ta yi yawa?

Ɗalibar_Fiziks:
Anti a nan ne ake samun saɓani. Hukumar Lafiya ta Duniya a littafinta na 2009 ta ce a sa bekarel 100 a kubik mita ta iska, in ƙasa ba za ta iya ba kar ta wuce 300. Amurka pikokuri 4 a lita take aiki da shi wato bekarel 148. Kanada 200 tun 2007, kafin nan 800 ne. Birtaniya 200 amma in an yi gyara ana son a kai ƙasa da 100. Tarayyar Turai ta ce kar a wuce 300. Iskar waje kanta tana da kamar 5 zuwa 15, don haka sifili babu shi.

Dillalin_Gaskiya:
Wannan ne ke haɗa mu faɗa da kwastoma. 210 ɗin MaiAwonIska a wata ƙasar an gama aiki, a wata ba a fara ba. Mutum ya shiga intanet ya zaɓi lambar da ta yi masa daɗi ya zo yana nuna maka a waya. Ni shawarata tun kafin a huda komai a rubuta a yarjejeniya lambar da ake nufi, da irin awon da za a tabbatar da ita, da cewa ruwa daban ne ba ya ciki.

MaiAwonIska:
Nan ne na yi sakaci, da baki na ce masa za mu kai ƙasa da 100 kuma ban ɗebi ruwa tun farko ba duk da na ga rijiyar. Na ɗauki wannan.

Ga sakamakon gwajin Baba. Ƙarfe ɗaya na rana na'ura tana 130. Na buɗe shawa minti ashirin. Ƙarfe uku ta kai 540, sai wajen shida ta fara dawowa. Na ɗebi kwalba biyu yadda Hajiya ta ce na aika.

Falamba_77:
To ai magana ta fito. Ka sa masa tankin gawayi a inda ruwa ke shiga gida, ba ya buƙatar wuta ba ya ƙara, kwana ɗaya an gama.

Hajiyar_Lab:
Malam Falamba a dakata tukuna sai lamba ta fito. Gawayi ba ya kashe radon, riƙe shi yake yi, yana ruɓewa a ciki 'ya'yansa suna fitar da radiyeshan ɗin da ake kira gama ta jikin tankin. In ruwan yana da yawa tankin kansa ya zama abin da ba a son yaro ya zauna kusa da shi. Ga dalma 210 mai radiyeshan da ke taruwa a ciki wadda sai shekara 22 rabinta ke tafiya, ranar da za a canza gawayin ina za a kai shi, wa zai ɗauka da hannunsa? Shi ya sa jihohi da dama a Amurka ke cewa a tsaya da gawayi a ƙasa da pikokuri 5,000 a lita, kamar bekarel 185 a lita ke nan. Abin da ya ɗaga ɗaki zuwa 540 cikin minti ashirin ina zargin ya wuce nan nesa.

Falamba_77:
Na yarda Hajiya amma injin hura iska cikin ruwa don radon ya fita shi ma ba wasa ba ne, ni nake zuwa gyaransa. Eh yana cire har kashi 99 in yana aiki daidai. Amma ruwa ya rasa matsinsa sai ka ƙara wani famfo bayansa, in ruwan yana da ƙarfe ko manganis da ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa ya toshe komai dole a sa filta kafinsa, tanki yana yin yauƙi ƙwayoyin cuta su samu wurin zama sai an riƙa wankewa da kilorin, iskar da ake hurawa ma in daga wuri mai ƙura ko hayaƙin mota aka jawo ta ka zuba wa ruwan sha. Kuma in wuta ta ɗauke fa? Na je gidan da injin hurawar ya mutu kusan shekara ba wanda ya sani saboda ruwa na zuwa yadda ya saba.

Injiniya_Daɓe:
Wannan na ƙarshen shi ne ciwon aikinmu gaba ɗaya, har fankar daɓe. Ta mutu shiru, babu wari babu ƙara. Ni ba na barin gida sai na manna 'yar ma'aunin ruwa mai lanƙwasa a jikin bututu na kira mai gida da matarsa na nuna masu, in ruwan ɓangare biyu ya yi daidai fanka ta tsaya ku kira ni. Kuma a sake awo duk shekara biyu. MaiAwonIska in ka sa injin hura iskar, bututun fitarsa daban za ka ja har sama da rufi nesa da taga, kar ka haɗa shi da na daɓe. Kuma tunda kana zuƙa da ramuka biyu ka duba in akwai hita mai gas ko murhu mai bututun hayaƙi a cikin gidan, zuƙa mai ƙarfi ta tsagar da ba a toshe ba tana iya jawo hayaƙin ya dawo ciki, wannan kuma kisa yake yi a dare ɗaya.

TsohonMa'auni:
Wani abu da ba a faɗa ba, gidan maƙwabta. In rijiyar nan ta fito da yawa mutane za su ce duk layin haka yake, ko kuma wani ya ce nawa an auna lafiya don haka naka ma lafiya. Duka biyun kuskure ne. Rijiya biyu tsakaninsu taku talatin, ɗaya ta faɗa tsagar dutse mai radiyam ɗaya ba ta faɗa ba. Gidaje ma haka. Labarin da ya farkar da Amurka ke nan a 1984, wani injiniya Stanley Watras da ke aiki a tashar nukiliya ta Limerik a jihar Fensilbeniya, na'urar gano radiyeshan ta riƙa kuka a kansa yana shigowa aiki daga gida. Da aka auna gidansa aka samu wajen pikokuri 2,700 a lita, kusan bekarel 100,000. Taswira tana gaya maka inda za ka fi sa ido ne kawai, ba ta auna wa kowa ɗakinsa.

BuɗeTaga:
Na karanta duka kuma na sauko daga inda nake da farko, zan nemi 'yar robar wata ukun. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya, wanda ya auna shi ne wanda zai yi gyara a biya shi, kuma shi zai sake aunawa ya ce ya yi. Ta yaya mai gida zai san ba a cuce shi ba?

Dillalin_Gaskiya:
Ja mai kyau. Awon bayan gyara ya kamata wani daban ya yi shi, ko mai gida ya sayi nasa ya aika ɗakin gwaji da kansa sakamako ya zo masa kai tsaye. Mai gyaran da ya ƙi wannan ka guje shi.

MaiAwonIska:
Ni ma haka zan ce wa nawa ya yi, ya fi min kwanciyar hankali. Sakamakon ruwa ya iso yau, kwalba ta farko 1,380 ta biyu 1,450 bekarel a lita. Da lissafin Ɗalibar_Fiziks kusan 140 ke nan a iska, in an cire daga 210 saura 70, wato aikin daɓen ya yi.

Ɗalibar_Fiziks:
Yallaɓai kar ka yi masa alkawarin 70 ɗin fa. Lissafin 10,000 da 1 matsakaici ne na gidaje masu yawa, ƙaramin gida mai mutane da yawa da banɗaki cikin ɗaki zai iya ba da fiye da haka, babba mai iska ya ba da ƙasa. Kuma shi kansa ruwan yana canzawa daga wata zuwa wata. Amma dai 1,400 ya wuce 1000 da dokar Tarayyar Turai ta 2013 ta ce daga nan gyara ya wajaba ba sai an tsaya nazari ba, gawayi kam ya fita daga lissafi.

Hajiyar_Lab:
Kwalabe biyun sun yi kusa, hannunka ya yi kyau. Amma duba takardar, kwana nawa tsakanin ɗiba da ƙirgawa, kuma an rubuta cewa an mayar da lambar zuwa lokacin ɗiba? In kwana huɗu ta yi a hanya ba a gyara ba to ainihin abin ya kusa ninki biyu, girman injin da za ka saya ma zai canza. Sannan ka roƙe su su duba yuraniyam da radiyam a ruwan, hura iska ba ta cire waɗannan, da ƙarfe da manganis saboda abin da Malam Falamba ya faɗa.

MaiAwonIska:
Hajiya na duba, ranar karɓa kawai suka rubuta da ranar fitar da sakamako, babu maganar gyaran lokaci ko kaɗan, kuma kwana uku ta yi kafin ta isa. Na kira ba a ɗauka ba, na tura saƙo. Kafin su amsa na ce wa mai gidan su riƙa rufe ƙofar banɗaki lokacin wanka su bar tagarsa a buɗe, yaran kuma a mayar da su ɗakin da ba shi da banɗaki a ciki.

Injiniya_Daɓe:
In akwai fankar fitar da iska a banɗakin ka lura da ita, tana kwashe na ruwan amma tana rage matsin gidan ta jawo na ƙasa, musamman ta wajen siton nan da ka ce zuƙa ba ta da ƙarfi. Ni har yanzu ban sallami siton ba. 130 da tsakar rana babu mai wanka, daga ina yake zuwa?

Falamba_77:
Injin wanki a ina yake Oga? Kar dai a siton ne